Ciwon Ido Ba Duka Ne Sai Haƙuri Ba

A wannan mako filin namu zai jingine maganar siyasa da ta tsadar kayan masarufi, ya juya ga wata 'yar halitta wadda girmanta bai kai na ƙwan zabo ba, amma in ta lalace sai magidanci ya koma hannun ɗan jagora. Watau ido. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne halin da na ga mutum biyu sun shiga a cikin shekara guda, ɗaya kawuna ne, ɗaya kuma maƙwabcina.

Kawun nawa tela ne, ya ba shekara sittin baya. Da na je gida hutun babbar salla sai na tarar da keken ɗinkinsa a rufe da tsohon zane, shi kuma yana zaune a zaure, jikansa ne ke kai shi masallaci. Na ce, "Kawu, yaya haka?" Sai ya ce, "Ɗana, yana ce ta rufe ni. Ciwon ido kuwa ka sani, sai haƙuri." Da na matsa da tambaya sai na ji ashe bai yi haƙurin ba. Wani mai magani ya zo ƙauyen ran kasuwa yana shelar cire yanar ido, aka ba shi akuya da kuɗi, ya sa wani abu mai tsini ya taɓa idon dama. A ranar kawu ya ga haske, har ya gane launin rigar mutumin, gida ya ruɗe da murna. Kafin mako uku idon ya yi ja, ya kumbura, ciwon kai ya hana shi barci, daga nan hasken ya ɗauke. Mai maganin kuwa tuni ya yi gaba. Allah ya sa bai taɓa idon hagu ba, domin sun yi alkawari sai ya sake zagayowa. Na ɗauki kawu na kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce, "Baba, na dama kam ya tafi, amma na hagun nan za mu iya." Aka yi aikin da bai kai rabin awa ba, washegari aka kwance bandeji, kawu ya dube ni ya ce ashe na yi ƙiba.

Maƙwabcina kuma mai sayar da yadi ne, shekararsa arba'in da bakwai. Idonsa garau, babu ja, babu fari, babu ciwo. Abin da iyalinsa suka fara lura da shi kawai shi ne yana yawan tuntuɓe da buta, yana buga kafaɗa da ƙofa, kuma in mai babur ya ɓullo masa ta gefe ba ya ganinsa sai ya zo gabansa. Ya sayi tabarau a kasuwa har sau uku. Ranar da ya je asibiti aka auna shi, likita ya gaya masa cewa abin da ya tafi ya tafi ke nan, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage.

To, ina dalilin da tsohon da ba ya ganin ko tafin hannunsa ya warke a kwana ɗaya, amma mai sauran ƙarfi wanda idonsa ke ƙyalli aka ce nasa ba ya dawowa? Amsar tana cikin yadda aka gina idon, don haka sai mu fara daga can.

YADDA IDO YAKE GANI

Wanda ya tashi a gidan ƙasa zai iya tuna wani abu. In aka rufe ɗaki da rana tsaka ya yi duhu, kuma akwai 'yar huda a jikin ƙyaure, wani lokaci sai ka ga siffar masu wucewa a waje tana tafiya a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wani malami Balarabe mai suna Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi nazarin irin wannan ɗaki mai duhu. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abin da muke kallo ya shiga ido. Kafin shi masana da yawa suna zaton ido ne ke fitar da wani haske nasa ya je ya taɓo abin.

Ido ɗaki ne irin wannan, faɗinsa kamar milimita 24, watau kusan inci ɗaya. A gabansa akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, wanda ya rufe baƙin ido. Mu kira shi tagar ido. Shi ne ke yin kamar kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske. Bayan taga akwai baƙin ido, a tsakiyarsa kuma akwai 'yar ƙofa wadda ke tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in duhu ya yi. Shi ya sa in ka shigo zaure daga rana sai ka tsaya tukuna kafin ka gane waɗanda ke zaune. Bayan ƙofar nan akwai wani ɗan madubi mai taushi, siffarsa kamar ƙwayar wake, wanda wasu 'yan tsokoki ke kumbura shi in za a duba abu na kusa, su bar shi ya baje in za a hangi nesa.

Hasken da ya ratsa taga da ƙofa da madubi yana sauka a kan bangon baya, inda aka shimfiɗa wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske wajen miliyan ɗari. Iri biyu ne. Mafi yawansu aikinsu gani a cikin duhu-duhu, amma ba su san launi ba. Sauran, kamar miliyan biyar zuwa shida, su ne ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa irin su ramin allura da wasalin rubutu, kuma sun fi taruwa a tsakiyar tantanin. Hoton yana sauka a kife, daidai da na jikin bangon ɗaki. Daga nan sai wata jijiya mai ɗauke da zarurruka fiye da miliyan ɗaya ta kwashi saƙon ta kai can bayan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fassara shi, ta ce wannan raƙumi ne, wancan kuma ɗanka ne.

Ke nan gani yana bukatar abu uku. Hanyar haske ta zama a share, hoton ya sauka daidai a kan bangon baya, jijiya kuma ta zama da rai. Abin da ya tare hanya ana iya kawar da shi, hoton da ya kauce ana iya daidaita shi da gilashi. Amma jijiyar gani in ta mutu, har yau babu likitan da ya iya rayar da ita. Ciwon kawuna a kan hanya yake, na maƙwabcina kuwa a jijiya.

ABIN DA TABARAU KE GYARAWA

Matsalar da ta fi kowacce yawa ita ce ta hoton da bai sauka daidai ba. Wani idonsa ya ɗan fi tsawo daga gaba zuwa baya, sai hoton abin nesa ya haɗu tun kafin ya kai bango. Irin wannan yana karanta littafi lafiya lau, amma rubutun allon makaranta yana yi masa dishi-dishi. Yara da yawa sun sha bulala an ce ba su da ƙwazo, alhali allon ne ba su gani. In malami ya ga yaro yana ƙanƙance ido, ko kullum yana kwafa daga littafin na kusa da shi, ya kamata ya dawo da shi gaba, ya kuma aika wa uban a kai shi awo. Wani kuma idonsa gajere ne, aikin kusa ke gajiyar da shi har ya sa masa ciwon kai. Wani tagar idonsa ce ba ta lanƙwasu daidai ta kowane gefe ba, sai haruffa su riƙa yi masa inuwa.

Akwai kuma wadda ba ta ƙyale kowa. Daga shekara arba'in madubin cikin ido yakan fara tauri, ya daina kumbura yadda ya saba. Sai ka ga malami yana nisanta Alƙur'ani da fuskarsa, ko uwar gida tana kiran jika ya zura mata zare. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, kuma ɗan gilashin karatu yana maganinsa. Maganar da ake yi cewa tabarau na cinye ido ba ta da tushe. Haɗarin da ke akwai shi ne mutum ya tsaya gaban mai tebur a kasuwa yana gwada wannan yana ajiye wancan, ya samu wanda ya ɗan taimake shi, ya tafi, ba tare da kowa ya leƙa cikin idon ya ga ko akwai wata cuta a ɓoye ba. Haka maƙwabcina ya yi asarar shekaru.

YANA

Hausawa da yawa suna ɗaukar yana kamar wata fata ce da ta tsiro a kan ido, irin yanar da ke kan kunu. A gaskiya madubin nan na ciki ne da kansa yake gurɓacewa, ya tashi daga garai-garai ya koma fari kamar dafaffen ƙwai. Tsufa ne babban dalili, amma ciwon suga da shan taba da bugu a ido suna gaggauta ta, har ma akan haifi jariri da ita. Ba ta ciwo. Gani ne ke raguwa a hankali kamar hazon hunturu, fitilar mota ta riƙa kashe wa mutum ido da dare, har ƙofar nan baƙa ta koma fara. Babu ganye, babu kwalli, babu maganin ɗigawa da ke wanke ta.

Abin da mai yawon cire yana ke yi shi ne ya soka tsinke a ido ya ture gurɓataccen madubin ya faɗa can cikin ido. Hanya ta buɗe, haske ya shiga, shi ya sa mutum ke ihun ya gani. Amma an bar idon babu madubi, don haka ganin ba ya taɓa zama tangaran. Bugu da ƙari madubin da aka tura yana nan a ciki yana jawo kumburi, tsinken kuma ya shigar da ƙwayoyin cuta. Dabara ce tsohuwa ƙwarai, an yi ta a Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai a zamanin da babu wadda ta fi ta. Tun wajen shekara dubu da suka wuce wani likitan ido mutumin Mosul, Ammar al-Mausili, ya ƙirƙiro allura mai rami don a zuƙo madubin waje maimakon a tura shi ciki.

Aikin da ake yi a asibiti yau ya samo asali ne daga wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya lura da cewa ɓarɓashin robar gilashin jirgin sama da ya shiga idon matuƙa yana zama a ciki ba tare da idon ya ƙi shi ba. A shekarar 1949, a wani asibiti a Landan, ya fara sa madubin roba a gurbin wanda aka cire. Yanzu likita kan kashe zafin wurin da allura, ya yi 'yar ƙaramar ƙofa, ya fitar da gurɓataccen madubin, ya zura na roba wanda aka auna daidai da idon mutum. Ba a ciro ido a ajiye a faranti kamar yadda ake ba da labari a majalisa, kuma ba lalle sai an jira yana ta rufe ido ruf ba.

ƁARAWON DA BA YA MOTSI

A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai, dabam da hawaye, wanda kullum ake samar da sabo, tsohon kuma yana tsiyayewa ta wasu ƙananan magudanai. In magudanan nan suka toshe sai ruwan ya taru, idon ya yi tauri daga ciki, nauyin ya riƙa danne jijiyar gani yana kashe zarurrukanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muke cewa hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ya hau ba, kuma mai lafiyayyen jini ma yana kamuwa da ita.

Mugun halinta shi ne daga gefe take farawa. Tsakiyar gani tana nan daram, mutum yana karatu, yana ƙirga kuɗi, alhali filin ganinsa yana tsukewa kamar mai leƙe ta cikin kara. Irin da ya fi yawa a ƙasarmu ba ya ciwo, ba ya sa ja. Kafin mai shi ya farga, mafi yawan jijiyar ta tafi. Cutar ta fi kama baƙar fata, tana kama mu da wuri, kuma tana bin dangi. Wanda uwarsa ko ubansa ko wansa ya makance ido buɗe, to ya san yana cikin layi. In an gano ta da wuri, maganin ɗigawa na kullum, ko aikin buɗe wa ruwan hanya, yana tsare abin da ya rage har ƙarshen rayuwa. Sai dai maganin ba ya ƙara gani, don haka mutane da yawa sukan ce ba ya aiki su daina, cutar kuwa ta ci gaba da ɓarnarta.

Ciwon suga ma haka yake yi a ɓoye. Yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bangon bayan ido, su riƙa yoyo. Duk mai ciwon suga ya kamata a leƙa bayan idonsa sau ɗaya a shekara ko da yana gani sarai.

TAGAR IDO DA YARANMU

Makantar yara kuwa sau da yawa daga taga take. Yaron da abincinsa ba shi da sinadarin bitamin A yakan fara da dundumi, watau da magariba ta yi sai ya kasa gani. In ƙyanda ta same shi a wannan hali, tagar idon tana iya bushewa ta yi gyambo cikin 'yan kwanaki, in ta warke ta bar hakiya. Rigakafin ƙyanda da ake yi wa jariri a wata tara kyauta ne, bitamin ɗin kuma yana cikin man ja da zogale da alayyaho da karas da mangwaro da gwanda da hanta da ƙwai.

Amosanin ido kuma ƙwayar cuta ce da ƙuda da hannu da tsumman share fuska ke yaɗawa, musamman inda ruwa ke wuya. In yaro ya yi ta kamuwa shekara da shekaru, cikin fatar idon yakan yi tabo, har in ya girma fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar taga. Matan ƙauye da ke yawo da ɗan matsefin tsige gashin ido a wuya, wannan ce ke damunsu. Wanke fuskar yara da tsabtar gida da magani da ɗan ƙaramin aiki a fatar ido suna kawar da ita. Ƙasar Ghana ta yi haka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2018 cewa cutar ta daina zama annoba a can.

Sai Afolo, wadda ta ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a wata, daga nan ta samo sunanta. Yawanci takan warke da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke makantar da mutane shi ne abin da suke zubawa: fitsari, ruwan batir, ruwan albasa, ruwan ganyaye, nonon mace. Haka kuma akwai magungunan ɗigawa da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, masu kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, waɗanda in aka daɗe ana sawa suna jawo yana da hawan jinin ido.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

Kada mai karatu ya ce labarin mutum biyu ne kawai na ɗauka na yi wa ƙasa hukunci. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta a duk faɗin Nijeriya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara arba'in zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, watau kamar mutum ɗaya cikin ashirin da huɗu, wanda in aka lissafa ya haura mutum miliyan ɗaya a lokacin. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8 ne. Yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Masu binciken sun ce kashi 84 cikin ɗari na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar da ita. Daɗin daɗawa, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 masu tsinke ne suka taɓa su, kuma fiye da kashi 70 na waɗannan an same su a makance.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. Mai tsinke yana zuwa har ƙofar gida, yana jin Hausa, yana karɓar akuya. Asibiti kuwa yana birni, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga layi, ga tsoro. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga sassan ido a asibitocin koyarwa, amma mutumin da ke ƙauye mai nisa ba lalle ne ya iya kai kansa ba. Wajibi ne gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su riƙa kai likitocin ido karkara a kai a kai, su sa awon ido a makarantun firamare, masu hannu da shuni kuma su san cewa biyan kuɗin aikin yana na mutum ɗaya yana 'yantar da mutum biyu, domin yaron da ke jan sanda zai koma makaranta. Sarakuna da dagatai su ma suna da ikon hana masu tsinke shela a kasuwanninsu.

Namu kuma mai sauƙi ne. Duk wanda ya kai arba'in ya je a auna ruwan idonsa a leƙa jijiyar, ya riƙa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu, musamman in akwai makaho a danginsa. Kada a zuba wa ido abin da likita bai ce ba. In wani abu mai ƙuna kamar siminti ko ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sannan a garzaya asibiti. In an ga fari a tsakiyar idon jariri, kada a kwana ana shawara. Malamanmu sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya rage tawakkali, haƙuri kuma yana da wurinsa bayan an yi abin da za a iya.

Masu iya magana sun ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Kawuna dai da idonsa ɗaya ya yaye zanen da ke kan kekensa, har ya ɗinka wa jikan nasa rigar makaranta. Maƙwabcina kuma yana nan yana ɗiga magani safe da yamma, ya kuma tura ƙannensa biyu awo, aka sami cutar a idon ɗaya tun ba ta yi nisa ba.

Allah ya tsare mana ganinmu da na 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.